Wai da gaske ne cikin 'yan makaranta dubu ana samun 30 masu ciwon zuciya ba a sani ba?

Mushe_Bilbis
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni zuwa ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Wani abokin aikina ya turo mini bayani cewa in aka tara 'yan makaranta dubu a ƙasashe irin namu aka yi musu hoton zuciya, za a iske 20 zuwa 30 suna ɗauke da ciwon zuciya, su ba su sani ba, iyayensu ba su sani ba, kuma wai tushensa ciwon maƙogwaro ne. Lakwal ɗinmu nan Tawa tana da yara sun haura ɗari shida daga CI zuwa CM2, wato ajin farko zuwa na ƙarshe na firamare. In lissafin nan daidai ne, akwai goma sha wani abu ke nan a cikin waɗanda nake kallo kullum suna tsere a fili. Abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ne ko ƙarin gishirin intanet ne? In gaskiya ne, malami yana iya gane su da ido?

Dan_Konni
Mushe, kwantar da hankalinka. Ciwon zuciya na manya ne, masu hawan jini da masu teɓa. Yaranmu abin da ke kashe su mun san shi: masassarar cizon sauro, tamowa, zawo, sai sanƙarau in zafi ya shigo. Wane yaro ne bai taɓa ciwon wuya ba? Da haka ne da duk garin nan masu ciwon zuciya ne.

Majo_Keita
Wa alaikumus salam Mushe. Ciwon yana nan, kuma na yara ne, an fi ganin farkonsa tsakanin shekara 5 zuwa 15. A takardunmu RAA muke rubuta matakinsa na farko, wato zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, a taƙaicen Faransanci. Akwai wata ƙwayar cuta, sitireptokok rukunin A, da ke kama maƙogwaro, abin da muke ce wa anjin. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiyar miyau ta gagare shi, bayan kwana uku ko huɗu ya miƙe ko da ba a ba shi komai ba. Uwa ta ce alhamdu lillahi. To ga wasu yaran, ba duka ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta juya kan yaron kansa. Gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saki, ciwon ya koma idon sawu ko wuyan hannu, ga zazzaɓi. Gaɓoɓin nan suna warkewa sarai, ba su barin tabo. A zuciya ne ɓarnar ke zama.

Cikin zuciya akwai ƙofofi huɗu, kowace da ƙyaurenta, yana buɗewa jini ya wuce, ya rufe kada ya dawo. Na gefen hagu da ake kira mitiral shi ya fi shan wuya. Kamar ƙyauren katako ne da ya sha ruwan damina: ko ya daina rufuwa ruf, ko ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Kuma duk sanda anjin ɗin ta sake dawowa, ɓarnar ƙaruwa take yi.

Dan_Konni, gaskiyarka ne ba kowane ciwon wuya ba. Mafi yawansu na mura ne, ba su da wannan illar.

Dalibar_Yamai
Barkanku da hira. Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na jami'ar Abdou Moumouni, asalina Madawa. Mushe, adadin da aka turo maka yana da asali. A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a makarantun Kambodiya da Mozambik. An duba yara 3,677 a Kambodiya, 2,170 a Maputo, babban birnin Mozambik. Da aka bi hanyar da aka saba, likita ya saurari ƙirji sannan a yi hoto ga wanda aka ji wani abu, abin da aka samu bai wuce 2 da ɗan wani abu cikin dubu ba a ƙasashen biyu. Da aka yi wa kowane yaro eko, wato hoton zuciya, a Kambodiya aka samu 21.5 cikin dubu, a Mozambik 30.4. Wato kusan tara cikin goma na masu ciwon, kunnen likita bai kama su ba. Daga nan 20 zuwa 30 ɗin ta samo asali.

Dan_Konni
To ai kin faɗa da bakinki, ƙanwata. Mozambik da Kambodiya. Ina ruwan Tawa da Maputo? Su suna bakin teku, mu muna bakin hamada.

Dalibar_Yamai
Yaya, a nan ina tare da kai rabi. Ba a ɗauko adadin wata ƙasa a ɗora wa Ader, yankinmu na Tawa, haka kawai. A Legas an yi wa yara sama da 4,000 irin wannan hoton, abin da aka samu bai kai 3 cikin dubu ba. Ka ga tazarar. Amma teku ko hamada ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne cunkoso a ɗaki da aji, da talauci, da ko yaro yana samun penisilin in maƙogwaronsa ya yi ciwo. Ka auna mu da waɗannan ukun ka gani.

Inna_Kufan
Ni ban san lissahi ba, amma na san ciwon ga. Ɗiyata tana CE2 ta fara kukan gwiwa, in ta taka sai ta yi ƙara. Munka ce sanyi ne. Kakarta ta ce emasi ce, anka yi awon jini anka ce ba ta da sikila. Anka ba mu maganin masassara da na zogi, ta warke, ta koma lakwal. Shekara ta zagayo abin ya dawo, munka sake yin haka nan. Ba wanda ya tambaye ni ko ta yi ciwon wuya, ni ma ban kawo ba, don me ya haɗa wuya da gwiwa? Sai da ta kai shekara goma sha uku na lura in ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta sauke sau biyu kahin ta kawo gida, tana haki, kahwaɗunta na ɗagawa. Da dare ba ta kwanciya sai ta jingina da bango. Rannan na ga takalminta ya bar shaida bisa ƙahwarta, kumburi. Nan ne munka tahi Yamai anka yi eko, lokotoro ya ce ƙyaure guda ya daɗe da lalacewa. Yanzu tana shan magani tana karɓar allura. Ku sa ta cikin addu'a.

Hajiya_Wadata
Allah shi ba ta lafiya, Inna. Allah shi sa kaffara ne.

Mushe_Bilbis
Amin. Inna, labarinku ya ƙara tsorata ni, don yara masu kukan ƙafa muna ganinsu kullum, sau da yawa mu ce ƙiwa ce.

Dokta_Lamorde
Assalamu alaikum. Wani ya jawo ni cikin zancen, na karanta daga sama. Majo da ɗalibarmu sun yi bayani daidai, ina so in ƙara abu guda don kada Mushe ya shiga aji gobe yana kallon yara sha takwas a matsayin masu jiran mutuwa.

Abin da eko ke nunawa mataki-mataki ne. Akwai yaron da ƙyaurensa ya yi kauri yana yoyo a fili, ba shakka a kansa. Akwai wanda abin ɗan kaɗan ne, yana kan iyaka tsakanin lafiya da ciwo, kuma a yawancin binciken makarantu irin waɗannan sun fi yawa. Saboda ruɗanin da wannan ya kawo ne ƙungiyar likitocin zuciya ta duniya ta fitar da ƙa'idojin karanta hoton a 2012, ta sabunta su a 2023. In aka bi yaran da ke kan iyaka shekaru, da yawa suna nan yadda suke, wasu hoton ma ya koma daidai, wasu kuma ciwon ya ci gaba. Matsalar ita ce ranar farko ba ka san wane ne wane ba.

An daɗe ana gardama ko akwai amfanin gano su. Amsa mafi ƙarfi ta zo daga Gulu, arewacin Uganda, aka wallafa ta a ƙarshen 2021. An yi wa yara sama da 100,000 hoto a makarantu, aka ɗauki wajen 800 masu ɓoyayyen ciwon aka raba biyu. Rabi ana yi musu allurar penisilin duk mako huɗu har shekara biyu, rabi ana sa musu ido kawai. A cikin masu allura 3 ne ciwonsu ya ci gaba, a ɗaya ɓangaren 33. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Mushe, tambayarka ta biyu: a'a, mai ɓoyayyen ciwon ba ka gane shi da ido, ni ma ba na gane shi da abin sauraren ƙirji. Yana iya zama wanda ya fi kowa gudu a filinku. Abin da malami zai iya kamawa shi ne na gaba da na baya: ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kumburin gaɓa mai yawo, ko yaron da a da yake buga ƙwallo yanzu ya koma gefe yana haki.

Madam_CM1
Dokta, akwai wani abu da na taɓa gani, ku faɗa mini ko yana ciki. Wata yarinya ce a ajina, mai tsabtar rubutu, ita nake ba alli ta rubuta kwanan wata a allo. Cikin 'yan makonni rubutunta ya wargaje, layi yana hawa yana sauka, biro na suɓuce mata. Tana zaune sai kafaɗa ta zabura, baki ya karkace kamar mai gwalo, ƙafa ba ta tsayawa wuri guda. Yara suna dariya, ita tana kuka ba dalili. A gida an yi ta dukanta wai iskanci ne, daga baya aka ce iskoki ne, aka cire ta daga makaranta. Uwar ta ce mini in ta yi barci duk abin tsayawa yake.

Dokta_Lamorde
Madam, ban ga yarinyar ba, amma abin da kika zana ya yi kama sosai da wani reshe na wannan ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ya fi kama 'yan mata, yana iya fitowa watanni bayan ciwon maƙogwaron, lokacin kowa ya manta. Lalacewar rubutu, saurin kuka, da tsayawar motsin in an yi barci duk alamominsa ne. Motsin yakan tafi da kansa, shi ya sa duk wanda ya yi magani na ƙarshe shi ake yaba wa. Amma da yawa daga cikin yaran nan zuciyarsu ta taɓu. In kina da hanyar iyayenta, ko shekara nawa aka yi, ki roƙe su a yi mata eko.

Malam_Tsangaya
Madam, a yi mana adalci. Ba kowane malami ne ke cewa iskoki ba. Mu in aka kawo yaro muna yi masa addu'a, mu ce a kai shi likita, biyun ba su karo da juna. Dukan mara lafiya kuwa zalunci ne ko a wane littafi.

Madam_CM1
Allah shi gafarta Malam, ban ɗora wa malamai ba, maƙwabta ne suka faɗa. Zan nemi uwar in sha Allahu, suna nan cikin gari.

Dan_Wanzam
Tunda ana zancen maƙoshi bari in sa baki. Mu gidanmu tun kakanni, yaro in yana yawan ciwon wuya beli ne, a cire shi a huta. Mahaihina ya cire ma ɗaruruwa, ba mu ji wanda zuciyarsa ta lalace ba.

Majo_Keita
Ɗan'uwa, ina girmama sana'ar gidanku, wanzami ne ya yi mini aski ranar suna. Amma ƙwayar ba a beli take zaune ba, tana cikin maƙogwaro gaba ɗaya, cire beli ba ya kashe ta. Mu ne ake kawo wa yaran da jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya rube. Batun ba ku ji ba kuwa, wanda aka cire wa beli yana shekara bakwai, in zuciya ta kāsa yana ashirin da biyar, wa zai dawo ya gaya wa wanzami?

Dan_Wanzam
Majo, ku ma akwai waɗanda ke mutuwa a hannunku. Amma na ji. To ya ake gane wanda ke son penisilin da na mura?

Majo_Keita
Ka sa yaro ya buɗe baki a haske ya ce "aa". Na sitireptokok yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, 'yan wuya biyu na gefe sun kumbura sun yi ja, wani lokaci da farin ruɓa a kansu, ga kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi mai zafi in an taɓa. Yawanci babu tari, babu majina. In akwai tari da majina da dashewar murya, ya fi kama da mura. Wannan ba hukunci ba ne, alama ce ta a kawo shi CSI, wato cibiyar lafiya ta kusa. Maganin ko dai allurar penisilin mai daɗewa guda ɗaya, ko amoksisilin na kwana goma cur.

Mai_Farmasi
Kwana goman nan shi ne inda ake faɗuwa. Uba zai zo da takarda, in gaya masa kuɗin, ya ce in ba shi na kwana uku. Wani ma ba ya zuwa wurinmu, mai tire ya tsaya ƙofar gida, a sayi kafso biyu na dala ashirin, a buɗe a zuba a koko. Zafin wuya ya tafi, ƙwayar tana nan. Ni da za a bi shawarata, yaron ƙauye da aka san ba zai dawo ba a yi masa allurar nan guda a gama.

Baba_Illela
Ku dakata, ku masu ilimi. Tun 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa ga shekara biyar kyauta ne a likita. Majo ya ce ciwon ga daga biyar yake farawa. Ke nan ranar da kyauta ta ƙare ranar ce ciwon ke kama hanya. Mai ɗiya takwas, hatsi ya ƙare tun watan bakwai, yaro ya ce wuyana, kuma ka san jibi zai tashi. Wa zai hidda kuɗin awo da na magani? Ba rashin so ba ne.

Hajiya_Wadata
Baba ya faɗi abin da ke ran kowa.

Dalibar_Yamai
Baba, maganarku ita ce ainihin abin. Turai da Amurka sun sha wannan ciwon sosai, asibitoci guda ake warewa don yaran da ya kama. Ya ragu ne da gidaje suka yalwata, penisilin ta wadata. Har yau babu allurar rigakafinsa. A ƙiyasin 2015 mutum miliyan 33 ke ɗauke da shi a duniya, ya kashe wajen 319,000 a shekarar, kusan duka a ƙasashe matalauta. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa, amma ƙuduri ba ya sauka CSI da ƙafarsa.

Sajifam_Madawa
Ni inda nake haɗuwa da yaran nan shi ne ɗakin awon ciki, sun zama matan aure. Yarinya 'yar sha bakwai, cikin fari, ba ta taɓa sanin tana da komai ba. Ciki na ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, ƙyauren da ya tsuke ya kasa ɗauka. Wata na shida ko bakwai sai haki, tari da dare, wani lokaci da jini. A gida a ce nauyin ciki ne. Wasu a kan gadon haihuwa abin ke bayyana, lokacin da ba mu da abin yi sai tura su babban asibiti. Don haka in ana zancen 'yan makaranta, ni 'yan matan CM2 da na kwaleji nake gani.

Hajiya_Wadata
Sajifam, wannan ba shi ne kumburin da ke kama mai jego ba? Mu da muka taso ana cewa kunun kanwa da wankan ruwan zafi ke kawo shi. Ƙanwar mijina haka ta rasu, kwana arba'in ba su cika ba.

Dokta_Lamorde
Allah ya jiƙanta, Hajiya. Ciwo biyu ne masu kama da juna a ido. Na jego, naman zuciyar ne ke saki a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ƙyauren lafiya lau, kuma an san ƙasar Hausa da yawansa. Wanda muke magana ƙyaure ne ya lalace tun ƙuruciya. Eko ce ke raba su. Kanwa da gishiri mai yawa kuwa ba su yi wa kowace zuciya mai rauni daɗi ba.

Abin da Sajifam ta faɗa ya dace da wani bincike da aka yi kan majinyata 3,343 a asibitocin ƙasashe 14, sha biyu a Afirka, sai Indiya da Yaman. Kashi biyu cikin uku mata ne, rabin majinyatan ba su wuce shekara 28 ba. Cikin shekara biyu kusan 17 cikin ɗari sun rasu. Waɗannan su ne 'yan makarantar da ba a gano ba shekara goma sha biyar da suka wuce.

Abdu_Kabukabu
Ni ina cikin waɗanda aka gano. Ina CM1 na kwanta da kumburin gwiwa, Allah ya haɗa ni da wani majo da ya saurari ƙirjina ya ce a kai ni hoto. Tun lokacin nake karɓar Extencilline, allurar penisilin mai daɗewa. Ba zan ɓoye muku ba, allurar nan tana da zafi. Fara ce mai kauri, in mai yi ya yi jinkiri sai ta toshe, a sake soka. Ranar da aka yi ta, zama kan babur sai a karkace. Ina da ɗan karne da ake rubuta kwanan wata, duk ya yi laushi don yawan ninkewa. Abin da ya fi zafin ciwo shi ne ka je a ce babu, ka zagaya farmasi uku. Na san waɗanda muka fara tare suka bari, don suna jin lafiyarsu lau. Ɗaya ya rasu bara. Ni ga ni ina aikina, an ce yoyon bai ƙaru ba.

Inna_Kufan
Abdu ɗana, Allah shi yi ma albarka. Zan karanta ma ɗiyata wanga, don duk wata sai mun yi rigima kahin ta yarda.

Majo_Keita
Inna, ku tambayi mai yi mata ko zai haɗa da ɗan maganin kashe zafi, lidokayin, ana yin haka kuma yana rage wuya sosai. A ɗumama kwalbar a tafin hannu, a tura a hankali. Ta ci abinci ta sha ruwa kafin a yi, ta zauna ɗan lokaci bayan an gama. Tunda nata ya yi nisa, duk sanda kuka koma wurin likitan zuciya ku tambaye shi ko allura za a ci gaba ko ƙwaya, su ke yanke wannan.

Dan_Konni
To in ƙyauren ya riga ya lalace fa? Ba a canzawa?

Dokta_Lamorde
Ana gyarawa, ana canzawa, amma aiki ne na buɗe ƙirji, kuma masu jira sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka kyauta, sai dai kun san halin da Sudan ta shiga tun 2023. Akwai cibiyoyin tiyatar zuciyar yara a Dakar da Bamako, akwai ƙungiyoyin da ke kai yara Faransa. Ko an yi aikin ba a gama ba. Mai ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini irin su Sintrom har ƙarshen rayuwa, da awon jini a kai a kai, in ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ƙyauren ya toshe. Ka ɗauki yarinyar da ke wani ƙauye bayan Abalak, ga batun aure da haihuwa a gabanta.

Mushe_Bilbis
To ni dai na koma kan tambayata. Tunda ba a gani da ido, kuma Dokta ya ce allura na hana shi ci gaba, me zai hana a zo makarantu da na'urar a duba yaran? Na ji akwai ƙarama da ake riƙewa a hannu. Kwamitin iyayenmu zai iya rubuta takarda.

Dalibar_Yamai
Akwai ta, Mushe, wata ma da waya ake haɗa ta. A Uganda da Brazil an koya wa ma'aikatan jinya yin hoton farko cikin 'yan mintoci, wanda aka ga alama sai a tura wa likitan zuciya ya tabbatar. Ni ina goyon baya.

Majo_Keita
Ni kuma ina da ja. A ce an zo an duba ɗari shida, an ce wa iyaye goma sha biyar ɗanku na da ciwon zuciya, motar ta koma Yamai, kilomita sama da 500. Wa zai tabbatar? Wa zai yi allurar duk wata shekara da shekaru, in Abdu da ke cikin gari yana zagaya farmasi? Wani uban zai cire yaron daga lakwal, wata yarinyar za a ce ba ta auruwa, alhali wataƙila nata na kan iyaka ne da zai tafi da kansa. A fara da abin da ke hannu: penisilin ta zauna a kowane CSI, a buɗe rajistar masu ciwon, malamai su riƙa turo mai ciwon maƙogwaro. Tsibiran Martinik da Gwadalup na Faransa da irin wannan suka rage sabbin kamu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara goma, tun shekarun 1980, ba tare da bin makarantu da eko ba.

Dalibar_Yamai
Majo, da girmamawa, yara da yawa da aka gano da hoto ba su tuna wani ciwon wuya ko kumburin gaɓa ba. Waɗannan ba za su taɓa shiga rajistarku ba sai sun zo da kumburin ƙafa. Kuma in ba a ƙirga ba, da me za a je wa masu rabon kuɗi?

Dokta_Lamorde
Ku biyun kuna da hujja, gardamar nan ana yin ta har a manyan taruka. Ni dai ba zan sa hannu a duba makaranta ba sai na san inda yaron zai karɓi allurarsa ta wata mai zuwa.

Malam_Tsangaya
Kuna ta cewa makaranta, makaranta. Nawa yaran fa? Ina da almajirai suna kwana zaure guda, da hunturu a rufe ƙofa, tabarma ɗaya mutum huɗu, kwano ɗaya. In cunkoso ne ke yaɗa abin kamar yadda ɗiyata ɗalibar Yamai ta ce, to ai sun fi 'yan lakwal shiga haɗari. Ga masu kiwo, ga 'yan matan da ke talla. Duk lissafin da aka yi a aji bai gan su ba.

Dalibar_Yamai
Haka ne Malam. Har wanda ciwon ya riga ya kayar ba ya cikin aji ranar da aka zo dubawa, yana gida kwance. Shi ya sa ake ganin adadin makaranta yana iya gaza na gari. Kuma ku lura da ƙuraje masu ruwa da ƙazuwa a jikinsu, ƙwayar nan tana zama a fata ma.

Dan_Konni
Ni har yanzu 30 ɗin nan ba ta shige ni ba. Amma 3 ta Legas ma, in ka buga da yawan yaran jihar Tawa, mutane ne masu yawa.

Maman_Biyu
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗana mai shekara takwas ya yi zazzaɓi da ciwon wuya ranar Juma'a, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, ba tari. Na ba shi parasetamol, yau Laraba ya warware har ya tafi lakwal. In kai shi ko ya wuce?

Majo_Keita
Ki kai shi gobe da safe, Maman_Biyu. Penisilin tana kare zuciya in an fara ta cikin kwana tara daga farkon ciwon, ke kina na shida. Ki gaya musu ranar da ya fara da cewa babu tari, su duba maƙogwaron da wuyan. In ya taɓa yin ƙaiƙayi ko kumburi bayan shan amoksisilin ko allurar penisilin, ki faɗa tun kafin su rubuta. In akwai wani cikin 'yan ɗakin da ke kukan wuya, ki haɗa da shi.